Manhajar Wallafa Rubutu a Intanet: A Duba Ƙofar Fita Kafin a Shiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ya shafi duk mai wallafa rubutu a intanet, malami ne ko ɗan jarida ko ɗalibi ko ƙungiya, wato manhajar da ake ɗora rubutun a kanta. Na lura cewa idan mutum ya tashi buɗe shafin bulog, wato shafin da yake wallafa rubuce-rubucensa a kai a kai, abin da ya fi tambaya shi ne wace manhaja ce ta fi kyau a ido, ko wacce ce ta fi saurin kafawa, alhali tambayar da ya kamata ta riga kowacce ita ce: idan wata rana na so in kwashe rubutuna in koma wani wuri, shin zan iya fita da shi cikakke? A ganina da wannan tambaya ya dace a auna kowace manhaja, ita ya kamata mai ƙera manhaja ya sa a gabansa, kuma daga gare ta ne nauyin da ke kan masu amfana da buɗaɗɗiyar manhaja ya samo asali.

Mutane da yawa sun ɗauka buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda ba a biyan kuɗi kafin a yi amfani da ita, to amma batun ya wuce na kuɗi. Kowace manhaja tana da rubutaccen umarni da masu ƙera ta suka tsara wa kwamfuta, kuma kamfanoni da dama suna ɓoye wannan rubutu, su bai wa mutum izinin amfani kawai. Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka bayyana rubutun umarninta ga kowa, aka kuma haɗa ta da lasisin da ya halatta wa mutum ya yi aiki da ita a kan duk abin da ya ga dama, ya nazarci yadda take gudana, ya gyara ta, sannan ya raba wa wasu, ko yadda ya same ta ko tare da gyaran da ya yi. Richard Stallman ne ya assasa wannan tafiya da shirin GNU a shekarar 1983, ya kafa gidauniyar Free Software Foundation a 1985, ya kuma fitar da lasisin GPL a 1989. Sharaɗin GPL shi ne duk wanda ya gyara manhajar ya raba ta, dole ya raba ta a ƙarƙashin wannan lasisi, don kada wani ya ɗauki aikin jama'a ya rufe. Akwai kuma lasisi masu sassauci irin su MIT da Apache, waɗanda ba su gindaya wannan sharaɗi ba.

Tarihin manhajojin bulog da kansa ya isa hujja a kan muhimmancin lasisi. A 2001 wani Bafaranshe mai suna Michel Valdrighi ya fitar da wata manhaja da ya kira b2/cafelog a ƙarƙashin GPL, mutane suka karɓe ta suka gina shafukansu a kai, sannan zuwa ƙarshen 2002 aka daina ganin sabon gyara daga gare shi. Da a ce rufaffiyar manhaja ce, da masu amfani da ita ba su da abin yi illa su zuba ido har ta lalace a hannunsu. Amma da yake lasisin ya ba su dama, a farkon 2003 Matt Mullenweg, wanda a lokacin ɗalibi ne a birnin Houston na Amurka, tare da Mike Little na ƙasar Ingila, suka ɗauki rubutun umarninta suka ci gaba daga inda aka tsaya, kuma a ranar 27 ga Mayu, 2003 suka fitar da abin da duniya ta sani a yau da suna WordPress.

A wancan lokaci WordPress ba ita ce kan gaba ba. Manhajar da manyan marubutan bulog suka fi yayi ita ce Movable Type, ta Ben da Mena Trott, wadda kamfanin Six Apart yake kula da ita. Mutum yana iya sauke ta ya kafa a sabarsa, wato kwamfutar da ke riƙe da shafinsa a intanet, yana ma iya karanta rubutun umarninta, amma lasisinta bai ba shi ikon raba gyaransa ba. A watan Mayun 2004 kamfanin ya fitar da sigar 3.0 da sabon tsarin kuɗi, wanda ya taƙaita yawan marubuta da yawan shafukan da za a iya gudanarwa a kyauta, kuma a nan ne mutane suka farga cewa abin da suka daɗe suna ɗauka nasu ne, aro aka ba su, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Jama'a da dama suka yi ƙaura zuwa WordPress a wannan shekara. Daga baya, a 2007, an saki Movable Type a ƙarƙashin GPL, sai dai a 2013 aka daina fitar da sababbin sigoginta a buɗe. Ba ina kawo wannan ba ne don in zargi kamfanin, domin yana da ikon sayar da abin da ya ƙera. Abin lura shi ne mai amfani da manhaja ba shi da wata kariya daga sauyin ra'ayin mai ita sai abin da aka rubuta a lasisi.

Waɗanda suka ɗora rubutunsu a dandalin wani kamfani kuwa, haɗarinsu ya fi haka. Kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities a 2009, shafuka masu ɗimbin yawa suka tafi, in ban da abin da masu aikin sa kai suka yi gaggawar kwafewa. Dandalin bulog na Posterous, wanda marubuta suka so saboda sauƙinsa, Twitter ya saye shi a 2012 aka rufe shi a 2013. Wanda ya ga sanarwar rufewa a kan lokaci ya kwashe kayansa, wanda yake jinya ko ya rasu ko ya manta da adireshin imel ɗin da ya yi rajista da shi, rubutunsa ya salwanta.

To idan mutum ya yanke shawarar zai riƙe shafinsa da kansa, wacce zai ɗauka? WordPress, wadda aka rubuta da harshen PHP kuma take ajiye rubutu a rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, ita ce ta fi yaɗuwa, har ƙididdigar W3Techs ta nuna cewa fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kanta suke gudana. Amfanin wannan yaɗuwa shi ne kusan babu kamfanin da ke ba da hayar sabar da bai san ta ba, kuma da wuya mutum ya ci karo da matsalar da wani bai riga shi warwarewa ba. Illarsa kuma ita ce masu kutse sun fi mayar da hankali a kanta, kuma mafi yawan ɓarakar da ake samu ba daga ainihin manhajar take fitowa ba, daga ƙananan manhajojin ƙari ne, waɗanda ake jona mata don su ƙara mata wani aiki, da mutane suke lodawa barkatai sannan su manta da sabunta su. Ghost kuwa John O'Nolan da Hannah Wolfe ne suka kafa ta a 2013, bayan sun tara sama da fam dubu 196 daga jama'a ta dandalin Kickstarter, da nufin samar da manhajar da ba ta da wani aiki sai wallafa rubutu. Tana ƙarƙashin lasisin MIT, gidauniyar da ba ta neman riba ce take riƙe da ita, kuma ta dace da wanda yake son aika rubutunsa ga masu karatu ta imel, amma kafa ta yana buƙatar sabar da za ta iya ɗaukar Node.js, wato manhajar da Ghost take gudana a kanta.

Akwai rukuni na uku da nake ganin bai samu kulawar da ta kamace shi ba, wato manhajojin da ba sa amfani da rumbun bayanai ko kaɗan, irin su Jekyll, wadda Tom Preston-Werner ya fitar a 2008, da Hugo, wadda Steve Francia ya fara a 2013. A nan marubuci yana rubuta kowace maƙala a fayil ɗinta daban, da sassauƙan tsarin alamomi na Markdown wanda John Gruber ya ƙirƙiro a 2004, sai manhajar ta bi fayilolin ta mayar da su shafukan da aka riga aka gama haɗawa. Irin wannan shafi yana buɗewa da sauri, ba shi da ƙofar shiga da ɗan kutse zai tsaya yana gwada kalmar sirri, kuma rubutun yana nan a kwamfutar mai shi a siffar da kowace na'ura za ta iya karantawa ko bayan shekara talatin. Sai dai gaskiya ita ce wanda bai saba ba kwamfuta umarni a rubuce ba zai sha wahala da farko, kuma ƙungiya mai marubuta goma da edita ɗaya za ta fi samun sauƙin aiki da WordPress ko Ghost. Saboda haka ban ce akwai wadda ta fi kowacce ba, kowacce da irin mutumin da ta dace da shi.

Abin da nake ba da shawara kowa ya yi, ko wacce ya karkata gare ta, shi ne ya gwada fita tun kafin ya zauna. Ya kafa manhajar, ya rubuta maƙaloli kaɗan na gwaji, ya sa hoto a ɗaya, ya sa jadawali a wata, ya haɗa wata da wata ta hanyar mahaɗi, sannan ya nemi maɓallin fitar da bayanai ya danna. Fayil ɗin da ya sauko, ya buɗe shi da idonsa ya duba. Shin yana ganin jimlolinsa a fili, ko kuwa sun nutse a cikin alamomin da babu mai gane su sai wannan manhaja? Ranar da aka wallafa kowace maƙala tana nan? Sunan marubuci yana nan? Daga nan ya ɗauki fayil ɗin ya shigar da shi wata manhaja daban, ya buɗe maƙalar da ke da hoto. Sau da yawa a nan ake ganin gaskiya, domin a gurbin hoton sai a tarar da ɗan akwati fanko, saboda fayil ɗin bai ɗauko hoton ba, adireshinsa kawai ya ɗauko, kuma adireshin yana nuni ne zuwa tsohuwar sabar da ake shirin kashewa. Wanda ya gano wannan da maƙala biyar ya san cewa dole ya riƙa ajiye babban fayil ɗin hotunansa daban. Wanda bai gano ba sai da ya tara maƙala dubu, ranar ƙaura zai gane kurensa. Haka kuma ya zama wajibi sunan adireshin shafin ya kasance mutum da kansa ya yi rajistarsa da sunansa, domin da shi ne masu karatu za su bi shi duk inda ya koma.

Bayan ƙofar fita, abu na biyu da za a duba shi ne mutanen da ke bayan manhajar, domin lasisi yana ba da izinin gyara ne kawai, ba ya yin gyaran. A shiga ma'ajiyar aikin, wato shafin da ake ajiye rubutun umarnin manhajar, a ga yaushe aka fitar da siga ta ƙarshe, mutum nawa ne suke da ikon shigar da gyara, yaya ake amsa wa baƙon da ya kawo ƙorafi, kuma akwai hanyar da aka tanada ta kai rahoton ɓarakar tsaro a asirce ko babu. Manhajar da mutum ɗaya tak yake riƙe da ita tana iya zama kyakkyawa ƙwarai, amma ranar da ya gaji ko ya samu wani aiki, sai an yi sa'ar samun irin su Mullenweg da Little kafin ta ci gaba, kuma manhajojin bulog da yawa masu kyau sun tsaya cak saboda ba a samu mai ɗauka ba.

A nan dole in ambaci abin da ya faru a 2024, domin ya nuna iyakar abin da lasisi yake iya karewa. A watan Satumba na wannan shekara saɓani ya ɓarke tsakanin Matt Mullenweg, shugaban kamfanin Automattic, da kamfanin WP Engine mai ba da hayar sabar, a kan amfani da sunan WordPress da kuma yawan gudummawar da WP Engine yake bai wa aikin. Aka toshe wa WP Engine hanyar shiga wordpress.org, inda shafuka suke ɗauko sabuntawa, magana ta kai kotu, kuma a watan Disamba wata kotun tarayya a jihar Kalifoniya ta ba da umarnin wucin gadi cewa a buɗe masa. Ba hurumina ba ne in ce wane ne mai gaskiya a tsakaninsu. Abin da ya dame ni shi ne talakawan masu shafuka, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sun wayi gari suna fargabar ko sabuntawar tsaro za ta iso gare su. Rubutun umarnin yana nan a buɗe kamar kullum, amma sabar da ake rarraba shi da sunan da aka san shi da shi suna hannun wasu tsiraru. Don haka mai zaɓen manhaja ya tambayi wane ne yake riƙe da suna, wane ne yake riƙe da sabar rarrabawa, kuma ta wace hanya ake yanke hukunci idan an samu saɓani.

Ga matasanmu masu sha'awar ƙera tasu manhajar, ina ƙarfafa musu gwiwa, domin manhajar bulog tana cikin ayyukan da suka fi koyar da mai koyo: akwai ajiye bayanai, akwai tantance mai shiga, akwai tsara shafi, akwai tsaro. Roƙona gare su shi ne su gina hanyar fitar da bayanai tun a makon farko, kada su bar ta sai ƙarshe, domin wanda ya tsara yadda rubutu zai fita cikin tsabta dole ya ajiye shi cikin tsabta, kuma ya raba tsakanin rubutun da kwalliyar da aka yi masa. Su kuma ɗauki adireshin kowace maƙala a matsayin alkawari. Tun a 1998 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo, ya yi gargaɗi cewa adireshi mai kyau ba ya canzawa, kuma har yau ana karya wannan ƙa'ida: marubuci ya gyara kalma ɗaya a kanun maƙalarsa, manhaja ta sauya adireshin ba tare da ta bar mai nuna hanya a tsohon ba, duk wanda ya taɓa kafa hujja da maƙalar a wani wuri mahaɗinsa ya mutu. Su samar da RSS ko Atom, wato tsarin da ke sanar da fitowar sabon rubutu, don mai karatu ya bi rubutun da manhajar da ya zaɓa, ba sai wani dandali ya ga damar nuna masa ba. Tsarin ActivityPub, wanda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta amince da shi a 2018, shi ma ya buɗe hanyar da shafi mai zaman kansa zai isa ga masu amfani da dandamalin sada zumunta irin su Mastodon.

Akwai wani ɓangare da masu ƙira suke yawan mantawa, wato cewa ba duk duniya ce take rubutu da haruffan Ingilishi 26 ba. Harafin ƙ, alal misali, idan ya shiga adireshi ba tare da an yi masa tanadi ba, yakan rikiɗe ya koma %C6%99, adireshin ya yi tsawo ya kasa karantuwa, wata manhajar kuma sai ta jefar da harafin gaba ɗaya. Haka akwatin bincike yake kasa gano kalma idan mai nema bai sa lanƙwasa ba, haka kuma kwalliyar shafi take zuwa da salon haruffan da babu ɗ da ɓ a cikinsa, sai a ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma. Masu rubutu da Larabci ko Ibrananci, daga dama zuwa hagu, suna da nasu irin wannan ƙorafi. Duk wannan ana magance shi ne idan an yi amfani da tsarin Unicode, mai ɗauke da haruffan harsunan duniya, tun daga tushe kuma aka gwada manhajar da harsuna fiye da ɗaya. A haɗa da sauƙin nauyin shafi saboda mai ƙaramar waya da raunin sabis, da kuma wurin rubuta bayanin hoto saboda makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo.

Game da yawan zaɓuɓɓuka kuwa, ina tare da ƙa'idar da masu WordPress suka daɗe da rubutawa, cewa aikin mai ƙira ne ya yanke shawara maimakon ya tara wa mai amfani maɓallai. Kowane maɓalli da aka ƙara, an ƙara wa marubuci abin da zai ruɗe a kai, an kuma ƙara wa masu kula da manhajar abin da za su riƙa gwadawa har abada. Abin da mutane ƙalilan ne suke buƙata, a bar shi ga manhajojin ƙari, kamar yadda WordPress ta buɗe wannan hanya tun a sigar 1.2 ta 2004. Tsaro ne kaɗai bai kamata a bar wa mai amfani ya tuna da shi ba, kuma shi ya sa nake ganin sabuntawar tsaro mai sauka da kanta, wadda ta zo a sigar 3.7 a 2013, tana cikin mafi amfanin abubuwan da aka taɓa ƙara wa wannan manhaja. Sauyi babba kuma a yi shi da haƙuri. Lokacin da aka kawo sabon editan Gutenberg, wato wurin da ake rubuta maƙala a cikin manhajar, a sigar 5.0 a watan Disambar 2018, mutane da yawa sun ji an sauya musu wurin aiki ba da shawararsu ba, har wasu suka ɓalle suka kafa tasu manhajar mai suna ClassicPress, miliyoyi kuma suka loda manhajar ƙarin da ke dawo da tsohon edita.

Na zo kan batun gudummawa, wanda shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Yawancinmu muna sauke waɗannan manhajoji, mu yi shekaru muna aiki da su, wasu ma su ci abinci da su, ba tare da mun taɓa tunanin cewa wasu mutane ne suke hana idonsu barci suna gyara su ba. Da yawa kuma sun ɗauka sai gwanin rubuta umarnin kwamfuta ne yake da abin bayarwa, alhali rahoton matsala mai kyau shi kansa babban taimako ne. Bambancin a bayyane yake. Wani zai rubuta cewa manhajar ba ta aiki, a taimaka a gyara, ya tafi, mai kula da aikin ya rasa ta ina zai fara. Wani kuma zai fara duba ko an riga an kawo rahoton, ya kashe manhajojin ƙari ɗaya bayan ɗaya don ya tabbatar ba daga gare su ba ne, sannan ya rubuta sigar da yake amfani da ita, da burauzarsa, da matakan da ya bi: na buɗe sabuwar maƙala, na sa kanu mai harafi kaza, na danna wallafa, na sa ran adireshin zai fito haka, sai ya fito haka, ga hoton allon. Wannan rahoto na biyu ya yi rabin aikin gyaran, kuma duk mai iya karatu da natsuwa zai iya rubuta shi.

Fassara ita ma ƙofa ce a buɗe. WordPress tana da dandalin da masu sa kai suke fassara kalmomin manhajar jimla bayan jimla zuwa harsunan duniya, kuma harshen da masu shi ba su zo sun yi aikin ba, babu wanda zai yi musu. Aiki ne mai buƙatar juriya da daidaito, domin kalmar da aka zaɓa wa maɓalli ɗaya dole ta zama ita ce a ko'ina, kuma kowace sabuwar siga tana zuwa da sababbin jimloli. Akwai gyaran littafin jagora inda ya tsufa, akwai amsa tambayar sabon shiga, akwai gwada siga kafin a sake ta. Wanda ya iya rubuta umarni kuma, shawarata ita ce ya fara da ƙaramin gyara guda, ya karanta ƙa'idojin aikin, ya yi magana da masu kula da shi kafin ya ɓata makonni a kan abin da ba su nema ba, kuma idan aka dawo masa da gyaransa aka ce ya sake, kada ya ɗauka raini ne, domin su ne za su ci gaba da ɗaukar nauyin wannan gyara bayan shi ya wuce.

Ina kuma roƙon a riƙa tausasa harshe ga masu kula da waɗannan ayyuka. Abin da ya faru da manhajar xz a watan Maris na 2024 ya kamata ya tsoratar da kowa. Ba manhajar bulog ba ce, ƙaramar manhajar matse fayiloli ce da ke cikin sabobi marasa adadi, irin waɗanda shafukanmu suke zaune a kai. Mutum ɗaya ne ya daɗe yana kula da ita a lokacin hutunsa, ya gaji, ana ta matsa masa lamba a kan jinkiri, har ya bai wa wani da ya nuna kamar mai taimako ne ikon shigar da gyara, shi kuwa ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya gano ta, saboda ya lura da ɗan jinkirin da bai saba gani ba, kafin ta yaɗu. Gajiyar mutum ɗaya da aka bari shi kaɗai ta kusa zama bala'i ga duniya baki ɗaya.

Nauyin ya fi yawa a kan kamfanoni da cibiyoyin da suke samun kuɗi ko suke tafiyar da aikinsu a kan waɗannan manhajoji. A 2014 Mullenweg ya yi kira ga irin waɗannan kamfanoni da su ware kashi 5 cikin ɗari na ƙarfinsu ga ci gaban WordPress, kuma ko mutum ya yarda da wannan adadi ko bai yarda ba, tushen maganar daidai ne. Gidajen jaridu, jami'o'i da ƙungiyoyin da shafukansu suke kan buɗaɗɗiyar manhaja za su iya ba ma'aikacinsu na sashen kwamfuta 'yan sa'o'i a kowane wata domin ya kai rahoton matsalolin da ya gano, ya mayar da gyaran da ya yi zuwa ga asalin aikin maimakon ya bar shi a sabarsu kaɗai, ko ya duba fassarar da wasu suka gabatar. Za su kuma iya sa kuɗin tallafa wa manhajojin ƙarin da suka dogara da su a cikin kasafinsu na shekara, kamar yadda suke sa kuɗin hayar sabar. Ina fatan wannan jarida za ta duba yiwuwar ware wani ɓangare na shafinta na kimiyya da fasaha domin koya wa masu karatu yadda ake fitar da rubutu daga manhaja, yadda ake ajiye kwafinsa, da yadda ake rubuta rahoton matsala.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wassalam,
Naka, mai karanta jaridarku a kullum.